Batirin da Aka Hana Mijina Ya Gwada

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'i mai kula da malaman dabbobi da baburansu, a ofishinsa na birni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda suke aiki a ƙarƙashinka. Ina kuma yi maka barka da hawa kujerar da Bature ya tashi ya bari. Labari ya iso mu har nan ƙauye, mun yi murna da aka ce yanzu namu ne a wurin. Allah ya taya ka riƙo, amin.

Ba ka san ni ba. Sunana Rakiya, ina zaune a Rurum, a ƙasar Rano. Ni ce matar malamin dabbobinku na wannan yanki, wanda kuka dakatar daga aiki a ƙarshen daminar nan. Ba zan rubuta sunansa ba, domin a wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, kuma sunan yana nan cikin takardar da ka sa wa hannu. Malam nake ce masa a gida, haka zan ce masa a nan.

Na san ba a saba ganin matar aure ta rubuta wa shugaban mijinta ba, balle ta aika wa jarida kowa ya karanta. Na daɗe ina juya abin a raina. Na yi makarantar elementare a Rano kafin a kawo ni gidan nan, kuma ba ni da abin da nake so kamar 'yan ƙananan littattafan labari da Malam yake sayo mini idan ya shiga birni. A cikinsu, idan aka ɗora wa mutum laifin da bai yi ba, kafin a kai bangon ƙarshe wani yakan ɓullo, matafiyi ko wani tsoho da ya ga komai, ya faɗi yadda aka yi, a wanke shi. Na zauna ina jiran wannan mutumin. Duk sa'ad da na ji mota ta tsaya a bakin kasuwa sai in ce ga shi nan. An yanke gero, dawa ta fara nuna, bai zo ba. Sai na gane in ban faɗa ba, ba mai faɗa.

Takardar da kuka aiko ta ɗora wa Malam laifi uku. Ta ce bai halarci wurin aiki ba ranar da aka tara shanu a bayan Kahu. Ta ce ya bar maganin allura ya lalace a hannunsa. Ta ce kuma ya kashe sabon batirin babur da ya karɓa daga sitonku, wai ya zuba masa ruwan rijiya. Duka ukun daga batirin nan suka fito. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da ya faru a inda ba na nan, daga bakin Malam na ji shi, kaɗan-kaɗan, domin shi mutum ne da sai an yi ta jan magana daga bakinsa.

Na farko, maganar tsohon batir.

Babur ɗin da kuka ba shi irin wanda ba ya tashi sai da wutar batir ne. Tun farkon damina batirin ya fara gajiya, har ni da nake cikin gida na gane. Da can idan Malam ya dawo daga daji yakan danna oda tun daga kukar bakin gari, in ajiye littafi in ɗora masa ruwan wanka. Sai odar ta fara shaƙewa, ta koma kamar kukan ɗan akuya mai mura, har ta kai ba na jin ta sai ya iso ƙofar gida. Fitila kuma, idan ya kunna ta inji yana kashe, ja take yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Da safe ya taka ya taka, babur ya yi masa shiru. Sai maza masu tafiya gona su ajiye fartanyu su tura shi gangaren masallaci, suna yi masa tsiya wai hukuma ta ba shi jaki mai ƙafar roba, ga shi ba ya cin harawa balle a lallashe shi. Amma da zarar ya kama, yakan kai shi duk inda za shi, ya dawo da shi. Batirin tsoho ne mai rauni, amma da ransa.

Malam bai yi sakaci ba. Tun ana noman farko ya rubuto muku yana neman sabo. Amsa ba ta zo ba sai da gero ya fara nuna, aka ce ya karɓa ranar da zai zo ɗaukar maganin allura, don kada a yi tafiya biyu.

Na biyu, maganar alkawarin da ya ɗauka.

Ka fi ni sanin cewa Fulani ba sa son tara shanunsu wuri ɗaya a gaban ma'aikacin hukuma. A wurinsu, duk wanda ya zo da alƙalami a aljihu ya ce a tara shanu, jangali, wato harajin shanu, ne ya kawo shi, ko da ya rantse. Arɗo Manu shi ne babban rugagen da suke zaune tsakanin Kibiya da Kahu, kuma shanunsu ba su taɓa ganin allurar rigakafin bushiya ba, cutar nan mai ƙarar da garke. Malam ya shafe daminar nan yana zirga-zirga wurinsa. Ya wanke wa maruƙa miki, ya cire musu kaska, ya zauna a tabarmarsu ya sha nono har ya riƙa dawowa ya kasa cin tuwona. Bai taɓa fitar da alƙalami a gabansu ba, a gida yake barin sa. Sannu a hankali Arɗo ya sauko. Ya ce masa, “Kai Kaɗo ne, kuma ɗan hukuma, abu biyu ke nan. Amma za mu gwada ka sau ɗaya.” Malam ya dafa ƙirji ya ce allura kaɗai za a yi, ba wanda zai ƙirga ko da ɗan maraƙi. Aka sa rana, aka zaɓi wata fadama a bayan Kahu. Arɗo ya aika wa 'yan'uwansa na nesa, har da waɗanda suke ɓoye garke a cikin duwatsu, ya ce su fito, shi ya tsaya wa malamin nan.

Ban taɓa ganin Malam cikin farin ciki kamar ranar da ya dawo da wannan labari ba. Ni kuwa tun a daren farko na gama ƙaga yadda abin zai kasance a raina, fadama cike da fararen shanu, ƙahoni suna ƙyalli, shi kuma a tsakiya da farar rigarsa ta aiki, wadda na wanke na buga masa ita da kaina.

Na uku, abin da ya faru a sitonku.

Ana gobe za a yi allura, Malam ya shiga motar kasuwa da sassafe da tsohon batir a cikin buhu, domin dokar sitonku ita ce ba a ba mutum sabo sai ya ajiye tsoho. Ya fara karɓar magani, aka jera masa shi cikin fulas aka cika da ƙanƙara. Daga wannan lokaci mutum ba shi da ikon zama, domin ƙanƙara narkewa take yi. Sannan ya wuce sito.

Malamin sito ya karɓe shi da fara'a, ya ɗauko masa akwatin katako ɗaure da waya da hatimin dalma. Da Malam ya ɗaga sai ya ji ruwa yana motsi a ciki. Ya tambaya, domin a saninsa sabon batir busasshe yake zuwa daga inda aka ƙera shi, sai ranar da za a yi amfani da shi ake zuba masa ruwansa mai ƙuna, a ɗora shi a caji. Malamin sito ya yi dariya ya ce ai wannan dabararsa ce. Ya ce tausayin malaman daji yake ji, su taho daga nesa a ce su kwana suna jiran caji. Shi ya sa duk ranar da kaya suka iso yakan buɗe su gaba ɗaya ya zuba musu ruwa, ya jera su a kanta, in ya sami sukuni ya mayar da marufai ya ɗaure ya buga hatimi, wanda ya zo sai dai ya ɗauka ya tafi. Malam ya tambaye shi yaushe waɗannan suka iso. Ya ce tun kafin zafin bazara.

A nan Malam ya gane akwai matsala. Ya bayyana mini cewa busasshen batir yana iya daɗewa a ajiye ba abin da zai same shi, amma daga ranar da ya sha ruwa ya fara rayuwa, in kuwa aka bar shi ba caji sai ya yi ta mutuwa a hankali, balle a ɗakin kwano da zafin bazara ya gasa.

Ya roƙa a kawo kwalbar awo, mai kan roba, wadda ake zuƙo ruwan batir da ita a ga ƙarfinsa. Aka ce tana kulle a wurin makaniki, shi kuma ya tafi jana'iza. Malam ya ce to a buɗe akwatin a taɓa wayar ƙwan fitila a kawunan batirin, nan take za a ga mai rai ne ko matacce. Aka ce ba a karya hatimi a cikin sito, sai mutum ya kai wurin aikinsa. Har malamin sito ya ce masa, “Haba Malam, sabo fil a akwatinsa! Kana zaton gawa ake aiko mana daga ƙasar waje?” Daga ƙarshe Malam ya roƙa a bar masa tsohon ya yi aikin gobe da shi, in ya gama ya dawo da shi da hannunsa. Aka ce wannan kuma ita ce dokar da ba a taɓawa, don kada malamai su riƙa sayar da tsofaffi a kasuwa. Yana tsaye aka ɗauki batirin da yake tashin baburinsa aka jefa bayan sito a kan tulin matattu. Motar Rano tana shirin tashi. Ya sa hannu cewa ya karɓi kaya lafiya, domin in bai sa ba, ba za a ba shi ba.

Na huɗu, jajibirin allura da ranarta.

Ya iso Rurum da la'asar sakaliya. Daga nan ni shaida ce, domin ni na riƙe masa kwanon kayan aiki a zaure. Ya karya hatimi ya buɗe. A kusurwar akwatin daga ciki akwai gidan zanzaro manne da katako, ya bushe ƙarau, 'ya'yan sun riga sun huda sun fita. Ranka ya daɗe, zanzaro ba ya gini a cikin akwatin da yake rufe, kuma ba ya gini ya ƙyanƙyashe a yini ɗaya. Kawunan batirin sun yi wani gari mai kore-kore. Malam ya kwance marufan batirin ya leƙa, ya ce ni ma in leƙa. Ruwan ya janye, allunan dalma na ciki sun fito sarari, sun yi fari kamar an barbaɗa musu gishiri.

Ya kankare kawunan, ya cika ruwan, ya ɗaura batirin a babur. Ya kunna fitila. Ko jan da tsohon yake yi, wannan bai yi ba. Ya danna oda, sai wani ɗan ƙit. Ya ce, “Allah ya kyauta.” Maƙwabta suka tura shi, da ƙyar ya kama, ya yi ta zagaya gari har magariba da fatan inji zai ɗura wa batirin wuta. Da ya dawo fitila ta ɗan yi haske, muka sa rai. Da asuba kuwa babu komai, batirin bai riƙe ko kaɗan ba, kamar tsagaggen tulu. Babu wurin caji kusa da mu, babu kuma wani babur a Rurum.

Ana idar da sallar asuba mutanen masallaci suka tura shi, wannan karon ba mai yi masa tsiya. Ya kama, ya tafi. Ya wuce Rano lafiya. A hanyar Kibiya akwai rafin da ruwan sama ya cika, dole ya sassauta don ya ƙetare, yana sassautawa inji ya mutu. Shi kaɗai ne, ga yashi. Ya tura har ƙafafunsa suka ƙi. Ya bar babur a bukkar wani manomi, ya rataya fulas ya kama hanya a ƙasa. Sai a Kibiya ya sami aron keke. Bai isa fadamar Kahu ba sai bayan la'asar.

Ya tarar da ciyawa a tattake da kashin shanu ko'ina, amma babu garke ko ɗaya. Arɗo Manu kaɗai ne a tsaye, ya dogara da sandarsa. Abin da ya faru shi ne, shanu sun taru tun fitowar rana kamar yadda aka yi alkawari. Da hantsi malamin jangali ya biyo ta hanyar cikin zagayensa, ya hango shanun da bai taɓa sanin suna ƙasar ba, duk a fili ɗaya. Ya sauka ya ƙirga. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi, kuma bai san komai game da alkawarin ba. Amma ka dubi yadda abin ya kasance a idon Fulani. Malamin allura ya ce a taru, bai zo ba, malamin jangali ya zo.

Arɗo bai zage shi ba. Malam ya ce da ma zaginsa ya yi. Cewa Arɗo ya yi, “Sannu da zuwa, Malam. An ƙirga, ba a bar ko ɗaya ba. Ladanka ka zo karɓa?” Malam ya buɗe fulas don ya nuna masa cewa da magani ya taho. Ƙanƙara ta narke tun tuni, kwalaben suna yawo a cikin ruwa mai ɗumi. Arɗo ya leƙa ya ce, “Ruwa muna da shi a rafi.” Ya juya ya tafi.

Game da maganin da kuka ce ya lalata, wasu manoman Kahu sun kawo masa bijimansu a yammacin nan sun ce tunda ya zo ya yi musu. Ya ƙi. Ya ce maganin da ya yi ɗumi ba ya kare saniya, sai dai ya sa mai ita ya saki jiki. Ya haƙa rami ya binne kwalaben. Da ya so ya rufa wa kansa asiri, da ya tsira wa bijiman nan allura ya rubuto muku cewa an yi aiki.

Na biyar, maganar ruwan rijiya. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, domin ni ta shafa.

Da kuka tambaye shi ko ya zuba wa batirin wani abu, ya ce ya ƙara masa ruwa, kuma gaskiya ya faɗa. Daga nan aka yanke cewa ruwan rijiya ne, tunda mu mutanen ƙauye ne. Ranka ya daɗe, ruwan batir a gidanmu aikina ne. Tun ina amarya Malam ya gaya mini cewa rijiyarmu tana da kanwa-kanwa, kuma ita ce take cinye batir. Sai na sauko da kwanon tangaran guda daga cikin jeren ɗakina, wanda ba a taɓa cin abinci a cikinsa ba. Idan hadari ya haɗu, nakan bari ruwan farko ya wanke sama tukuna, sannan in ɗora kwanon a kan turmi a tsakar gida, nesa da indararo, nesa da bishiya, ruwa ya sauka cikinsa kai tsaye. In tace da farin ƙyalle in ɗura a kwalba in toshe. Surukata, Iya, takan zauna a bakin ƙofa tana kallona tana cewa, “Oh ni! Babur ya fi mu gata a gidan nan. Shi ruwan sama a tangaran, mu ruwan rijiya a moɗa.” Daga wannan kwalba Malam ya zuba, a gabana. Da wannan ruwa tsohon batir ya rayu har ya tsufa. Sauran yana nan a kwalbar, in kuna da abin da kuke auna ruwa da shi, ku aiko a ɗauka.

Na shida, halin da muke ciki.

Ba zan cika ka da kukan gida ba. Muna da gero a rumbu, ba mu kwana da yunwa. Amma akwai wata dattijuwar Bafillatana, Inna Dudu, daga dangin Arɗo, wadda take kawo mini nono tun zuwana garin nan. Takan sauke ƙwarya ta zauna, in karanta mata labari daga littafina, ta yi ta dariya tana cewa waɗannan mutanen na takarda ba su da aikin yi sai soyayya. Yanzu ta ƙofarmu take wucewa. Ina jin muryarta tana tallan nono, idan ta zo daidai zaurenmu sai ta yi shiru, sai ta wuce ta ci gaba. A kasuwa kuma an fara kiran Malam da malamin jangali. Wasu da wasa suke faɗa, wasu ba da wasa ba.

Shi kuwa kullum da safe sai ya sa rigar aiki, sannan ya tuna, ya zauna a zaure kusa da babur ɗin da aka turo masa gida. Bai damu da kujerarsa kamar yadda na zata ba. Abin da yake hana shi cin abinci shi ne labarin da fataken shanu suke kawowa daga kudu, cewa an fara ganin shanu idanunsu suna zubar da ruwa, bakinsu ya yi miki, suna zawo suna faɗuwa. Ya san ko mene ne wannan, bushiya ce. Kuma mutanen Arɗo, saboda fushi, sun ce ba za su jira kiwon karan dawa ba bana, da wuri za su tashi, kuma kudu suka nufa, da shanun da ba ko ɗaya da aka yi wa allura.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙo ka aiko a ɗauki batirin nan. Yana nan cikin akwatinsa, gidan zanzaro yana manne inda muka same shi, ban bari ko tsintsiya ta taɓa shi ba. Makanikinku ya buɗe shi a gaban Malam da malamin sito, ya faɗi ko ruwan yini ɗaya ne ya yi masa haka, ko zaman watanni.

Ina roƙo ka sa a duba sauran da suke jere a kantar sito kafin a miƙa wa wani malami. Ba ina neman a hukunta malamin sito ba ne. Da kyakkyawar niyya ya yi, don ya sauƙaƙa wa mutane. Na rubuta sunansa da farko, Malam ya ce in goge, na goge.

Ina roƙo a dubi dokar nan. A bar batir busasshe sai ranar da mai shi zai zo, a zuba masa ruwa a yi masa caji, a buɗe shi a gaban mai karɓa. A zuƙo ruwansa da kwalbar awo, in babu ita a haɗa shi da fitila da oda, mutum ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa, sannan ya sa hannu. Kuma kada a raba mutum da tsohon da yake tashin baburinsa sai an tabbatar sabon yana da rai. Wanda yake zaune a birni, in batir ya mutu, shekara ba ta ɓaci ba, sai ya hau keke. Malamin daji kuwa akwai mutanen da suke tsaye a rana suna jiransa.

Roƙona na ƙarshe shi ne babba, kuma shi ne ba ya jira. Ka aiko da mutum mai girma daga ofishinka, wanda Arɗo Manu zai ga furfurarsa ya saurare shi, ya je har ruga ya gaya masa cewa taron Kahu ba tarko ba ne, malaminku bai sayar da su ba, kayan aikinku ne suka yashe shi a hanya. A taho da sabon magani da isasshiyar ƙanƙara kafin su kwance bukkokinsu. Wannan ne ma ya sa na aika wa jarida maimakon in ba direba ya kai maka a ɓoye. Na san a kasuwar Kibiya akan sami mai karanta jarida da ƙarfi, mutane su kewaye shi. Duk wanda ya ji wannan, ina haɗa shi da Allah ya kai wa Arɗo yadda ya ji, kada ya ƙara kada ya rage.

Kafin in naɗe takardar nan na karanta wa Malam ita daga farko har ƙarshe. Na zaci zai hana ni aikawa. Sai ya ce, ban da goge sunan malamin sito, in ƙara abu ɗaya, kuma ga shi na ƙara kamar yadda ya faɗa. Ya ce in kun ga ba za ku mayar da shi aiki ba, ya ji, ya bar wa Allah. Amma ku aiko da wani malamin, da batirin da aka gwada. Shi zai wuce gaba a ƙasa ya nuna masa hanyar rugagen, domin ba wanda ya san su kamarsa. Zai tsaya a gaban Arɗo ya ji duk abin da za a faɗa masa, ya kama wa baƙon malamin ƙahoni har a gama da saniya ta ƙarshe, sannan ya dawo gida.

Wannan shi ne mutumin da kuka dakatar.

Allah ya ba ka ikon duba wannan magana da idon adalci, kuma da wuri. Allah ya tsare ka daga sa hannu a kan abin da ba ka gani ba. Allah ya kiyaye dukiyar bayinsa daga annoba, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya sa ka gama da wannan kujera da mutuncinka. In na yi kuskure a lafazi, ka yafe mini, ban saba rubuta wa manya ba.

Wassalam.

Ni ce mai biyayya,
Rakiya, matar malamin dabbobi na Rurum.